Fitilar da Ke Ƙarƙashin Kwando

SHAFI NA 14

Salamu alaikum jama'ar waya. Naku ne dai, Kaka Ngadiso na Paya Lintang, mai shekara tamanin da huɗu, mai haƙori goma sha ɗaya, kuma duk nawa ne, babu na roba.

Na ji ƙorafinku. Kwana shida ban turo komai ba. Har wata ta rubuto wai ko tsohon ya cika ne. Yarinya, yunwar zamanin da Japan ta mamaye mu ba ta kashe ni ba. Kwalara ta zo ta kwashe rabin barikinmu na leburori, ta kalle ni ta wuce. Maciji ya sare ni a gonar taba, shi ya mutu ni na tashi na ci gaba da tsinkar ganye. Ba kwana shida ne za su ga bayana ba.

Abin da ya faru, ƙafata ce ta ƙi zama wuri ɗaya. Tun ranar Asabar in zauna in tashi, in kunna sigari in manta da ita har ta ƙona min yatsa. Rukmini 'yata, wadda take danna muku abin da nake faɗa tunda ni ban taɓa zama a aji ba, ita ce yau ta ce, "Baba, ko ka faɗa ko in rufe shafin nan kowa ya huta."

To ga shi.

Kun san inda muka tsaya. Gidan Babban Bature na gonar taba, wanda yanzu aka mayar gidan tarihi, suna gina bango za su sassaƙa sunayen leburorin da suka sha wuya a gonar. Na rantse sai sunan mahaifina Setro ya hau, da labarinsa: mutumin da ya ƙi tsugunawa ya cire malafa da Bature zai wuce, aka ɗaure shi a jikin tsamiya aka yi masa bulala talatin bai ce wayyo ba. A ƙasa kuma a rubuta, ɗansa Ngadiso ne ya kawo. Suka ce sai da shaida wanda ya gani da idonsa. Mutum ɗaya ya rage a duniya, Yaya Sarinten, wadda muke uwa ɗaya, ita nata uban ya rasu tun kafin a haife ni. Shekararta casa'in da ɗaya. Wata uku tana ƙi. Ranar Asabar na ɗauke ta cak na ɗora a keken guragu.

"Ba zan shiga ba," in ji ta, tun daga bakin shinge.

"Ai kin riga kin shigo."

"Mayar da ni gida. Cikina juyawa yake."

"Tun watan jiya yake juyawa. Ki bar shi ya juya. Kalma biyar za ki faɗa mu tafi."

"Jatau, tun kana tsumma ba ka jin magana."

Ita kaɗai ce a duniya take ce min Jatau in ƙyale. Kun ga hotona, fari ne ni, dogo, hanci kamar an feƙe. Inna ce ta sha ruwan ɗanyar kwakwa da yawa tana da cikina, kowa ya san yana wanke jariri. Yaran bariki da suka ce wani abu daban, akwai waɗanda har suka tsufa babu haƙoran gaba.

Keke ba ya hawa matattakalar gaba, sai muka zagaya ta baya, wajen tsohon kicin, inda suka yi gangare na siminti. Ina turawa ina tsaki. Shekara tamanin da huɗu ina jiran in shiga gidan nan, kuma wai ta ƙofar bayi.

Muna isa ƙofar, Yaya ta rufe ido. Ta juya kanta wajen dama, inda babu komai sai tukwanen furanni, ta ce a hankali, "Salamu alaikum."

"Wa kike yi wa sallama?"

"Tura keke."

"Furanni?"

"Na ce tura."

Na shigar da ita, na danƙa wa Rukmini, na fita da sauri na sake zagayowa, na hau matattakalar gaba da takalmina a ƙafa, malafata a kai. Na sauko na sake hawa. Sau biyu. Ku rubuta wannan ku ajiye.

Mai kula da gidan sunansa Harahap. Ɗan ƙabilar Batak ne, ɗan birni, murya kamar lasifika, ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka faɗa ne.

"Kaka Ngadiso! Ka kawo shaidar taka?"

"Ga ta nan, da ranta da bakinta. Ɗauko takardarka."

"Ɗan ba ni lokaci kaɗan, Kaka. Muna da baƙuwa daga Holan. Jikar Bature Stenhus ce, wanda ya riƙe gonar nan har zuwan Japan. Ta kawo mana hotunan kakanta. Ka san mu ko ɗaya ba mu da shi, duk an ƙone lokacin yaƙi."

"Ita ta zo jiya. Ni tun kafin a haifi ubanka nake nan."

"Zauna, Kaka, ga kujera."

Ban zauna ba. Ina zan iya? Na je taga na leƙa tsamiyar, tana nan, ta yi ƙiba. Na dawo. Na taɓa agogon bango, Rukmini ta buge min hannu. Na shiga ɗakin da suka rataye ganyen taba a zare don baƙi su gani, sai na ji jinina ya hau.

"Harahap! Wane mai ƙaton kai ne ya zura wannan?"

"Me ya faru kuma, Kaka?"

"Ciki da baya! Haka ake yi? Baya da baya ake haɗa ganye, ciki da ciki, in ba haka ba manne wa juna zai yi ya ruɓe. Da a rumfar shanya ka yi wannan, da yau ba ka da kunne."

"Za mu gyara."

"Kullum za ku gyara."

Rukmini ta ce in sassauta murya. Yanzu ma da take rubutawa ta ce in daina yabon kaina. Na ce ta rubuta abin da aka ce mata.

Baƙuwar tana babban ɗakin cin abinci, ta baje hotuna a kan teburin da mutum ashirin za su zauna. Mace ce da ta haura hamsin, gashi fari, ta yi ja da zafi kamar dafaffen jatan lande. Sunanta Mareike. Harahap ne ke mata tafinta. Na tsaya a bayansu ina kaɗa ƙafa, ina leƙe ta saman kafaɗarsa, abin da tsawo ya ba ni.

Hoton dawaki. Hoton mota. Hoton mata a jere suna tantance ganye.

Sai ta ɗaga wani ta yi tambaya da yarensu.

Hoton ƙofar bayan gidan ne, wadda muka shigo ta cikinta. A gefen ƙofar an kife kwandon gora, ta ramukansa ana hango 'yar fitilar mai. Wani mutum ya tsuguna a gaban kwandon ya ba mai hoto baya, sanye da riga mai kyau da ɗaurin kai. Kusa da shi wata 'yar yarinya tana riƙe da kwalba da hannu biyu.

Harahap ya gyara tabarau.

"Tana tambaya mene ne wannan. Ta ce kakanta ya ajiye shi daban, cikin littafin addu'arsa, har ya mutu." Ya ƙara kallo. "Kwandon kaji ne. Ana sa wa 'yan tsaki fitila don su ji ɗumi."

Jama'a, da na yi shiru.

Da na yi shiru, da yanzu ina zaune lafiya ina shan shayina. Amma kun san ni.

"Kaji!" na ce. "Kaji! Kai da aka biya maka makaranta shekara ashirin!"

"Kaka..."

"Matsa. Faɗa mata abin da zan faɗa, kar ka rage ko kalma. Wannan mabiyiyar jariri ce aka binne. Mu 'yan ƙabilar Jawa ba ma yar da ita, ƙanwar jariri ce, tare suka zo. A wanke ta, a sa a sabuwar tukunyar ƙasa, da gishiri da allura da zare. A binne a bakin ƙofar gidan da aka haihu, a kifa kwando, a kunna mata fitila kwana talatin da biyar kar ta ji kaɗaici. In mace ce, hagun ƙofa. In namiji ne, dama. Dubi nan. Ina kwandon yake?"

"Dama."

"To namiji ne. An haifi ɗa namiji a cikin gidan nan. Kaji!"

Ya fassara. Baturiyar ta dafe ƙirji. Ni kuwa daɗi ya kama ni, baƙi biyu uku sun matso suna saurare, har wani ya ɗaga waya.

"Ban gama ba. Ka ga mutumin nan da rigar salla? Ba kowa ne ke binnewa ba. Uban yaro ne. Shi zai yi wanka, ya sa tufafinsa mafi kyau, ya haƙa da hannunsa, shi zai riƙa zuwa kullum yana kunna fitila. Tawa mabiyiyar, Baba Setro ne ya binne ta a ƙofar ɗakinmu na bariki, layi na uku, ɗaki na..."

"Ngadiso."

Yaya ce. Rukmini ta turo ta har bakin tebur ban sani ba. Kuma ba ta ce Jatau ba.

"Yi shiru," ta ce.

"Ina koya wa yaron nan aikinsa ne."

"Miƙo min hoton."

Baturiyar ta miƙa mata. Yaya ta kai shi dab da idonta na dama, mai gani.

"Kwalbar ta fi ƙarfina," ta ce. "Man kwakwa ne. Kullum sai na zubar da rabi a hanya."



"Yaya, tsufa ne. Ke ina kika..."

"Dubi ƙafar yarinyar. Ta hagu."

Na duba. Ƙafar ta karkace ciki. Yadda ta Yaya take a kan matakin keken nan, yadda take tun ranar da na buɗe ido na san ta.

"To sai me? Kin raka wani ne. Ɗan wani ne aka haifa."

"Inna ce kuku a gidan nan. A ɗakin bayan kicin muke kwana ni da ita, tun rasuwar ubana. 'Ya'ya nawa Inna ta haifa?"

"Biyu."

"Mace nawa?"

Na kau da kai.

"Kai da bakinka ka ce dama namiji ne."

Ni da ban taɓa neman abin dafawa ba, na dafa teburin Bature.

"Baba Setro lebura ne," na ce. "Lebura ba ya taka farfajiyar gidan nan. Yaya za a yi matarsa ta haihu a..."

"Ba matarsa ba ce lokacin."

"Gwaggo, ya isa haka," in ji Rukmini. "Mu tafi gida."

"Bar ta," na ce. "Ta faɗa. Ni na kawo ta ta ba da shaida."

Yaya ta tofar da ganyen da take taunawa cikin ƙyallenta, ta goge baki.

"Da hantsi aka haife ka. Ungozoma ta wanke mabiyiya ta sa a tukunya, ta fito da ita bakin ƙofa ta ce, ina mai binnewa? Shi Baturen yana baranda yana karanta jarida. Babu wanda bai san nasa ba ne. Babu kuma wanda ya taɓa tambayar Inna ko ta so, ko ba ta so ba. Aka aika aka faɗa masa. Ko kai bai ɗago ba. Ya ce a jefa a kogi."

"Ƙarya ne."

"Tukunyar nan ta wuni a bakin ƙofa. Mai shara ya kewaye ta. Mai ba dawaki ciyawa ya kewaye ta. Ƙuda ya fara taruwa. Inna tana ciki tana kuka, ba kukan ciwo ba. Tana cewa, ɗana zai tashi babu kowa a bayansa."

"Yaya..."

"Ka ce in faɗa. Da la'asar sai ga Setro daga rumfar shanya. Ya taɓa neman auren Inna, ta ce masa ba ta da ikon kanta. Ya yi wanka, ya ari riga wajen maƙwabcinsa, hannun rigar ma bai kai masa ba. Ya shigo farfajiya tsaye, bai tsuguna ba. Ya ɗauki tukunya ya haƙa rami da hannunsa, a dama. Masu gadi suna masa ihu yana addu'a. Sai da ya kifa kwando ya kunna fitila, sannan ya miƙa musu hannuwansa."

"Bulala talatin," in ji Harahap. Muryar nan tasa ta lasifika ta koma kamar ta mai mura.

"Talatin. A tsamiyar can. Ba don malafa ba ne, Jatau. Malafa Inna ce ta ƙirƙiro maka ranar da ka fara fasa wa wani yaro baki. Ta sa na rantse."

Na saki teburin. Na tafi taga. Na dawo. Na nemi sigari a aljihu, na ciro, ta faɗi ƙasa, ban ɗauka ba.

"Wannan hoton," na ce, "ranar ce?"

"A'a. Wannan ya kai kwana goma. Washegarin dukan ya dawo. Ba ya iya ɗaga hannu, bayansa duk ya tsage, shi ya sa nake riƙe masa kwalba. Masu gadi suka je suka faɗa. Baturen ya fito ya tsaya yana kallonsa, ya daɗe. Sannan ya koma ciki. Kwana talatin da biyar Setro bai fasa ko ɗaya ba. Da Inna ta yi arba'in ya aure ta, ya ɗauke mu zuwa bariki, kai a kafaɗarsa. Na ce masa, Baba, ai fari ne, kowa zai gane. Ya ce, wanda ya binne shi ne uba, a je a tambayi kowa."

Jama'a, shekara saba'in ina ba da labarin bulalar nan. A wajen biki, a wajen makoki, a shagon aski. Har na ƙara mata gishiri, wani lokaci in ce arba'in. Ban taɓa sanin a kaina aka yi ta ba.

Na fita. Ban san na fita ba sai da na gan ni a ƙofar baya. Na janye tukwanen furannin nan guda uku, ɗaya ta fashe. Ƙasa ce kawai, baƙa, da tururuwa. Na tsuguna. Ni Ngadiso da na rantse ba zan taɓa tsugunawa a farfajiyar nan ba. Na sa tafin hannuna a ƙasa na yi sallama.

Ban yi kuka ba. Rukmini ta ce na yi. Ƙasa ce ta shiga idona, rubuta haka.

Na ji takun mutum a bayana. Harahap ne, da takardarsa da biro, yana juya su kamar sun yi masa zafi.

"Kaka, ba sai yau ba. Ka je ka huta. In ma kana so a bar maganar..."

"A bar wace magana?"

"Wato... layin nan na ƙasa. Inda za a ce wa ya kawo sunan, da abin da yake gare shi."

Na miƙe. Gwiwata ta yi ƙara amma na miƙe ba tare da hannun kowa ba.

"Ka iya rubutu ko sai na nemo wani?"

"Na iya, Kaka."

"Rubuta. Setro, leburan rumfar shanya. Bulala talatin. Goge maganar malafa. Ka sa, ya kunna fitila kwana talatin da biyar."

Ya rubuta.

"A ƙasa?"

"Ɗansa Ngadiso. Ɗansa. Ka danna biron sosai, mai sassaƙa ya gani. In na dawo na tarar an canza ko ɗigo, da kai da bangon zan haɗa."

"Shaida?"

"Ni," in ji Yaya daga cikin ƙofa. "Kawo in dangwala."

Ta dangwala. Na ce alhamdulillahi, Rukmini juya keken nan mu tafi, hadari ya haɗo.

Sai na ji an taɓa min hannun riga.

Baturiyar ce. Duk maganar nan da aka yi babu wanda ya fassara mata ko kalma. Amma ba Harahap take kallo ba. Ni take kallo. Goshina, hancina, kunnena. Ta zagayo ta kalle ni ta gefe kamar mai sayen saniya.

Ta buɗe jakarta ta ciro wani hoto, ba cikin na kan tebur ba, wannan mai kala ne. Ta ɗaga shi kusa da fuskata.

Rukmini ta ce, "Innalillahi."

Na karɓa na duba.

Wani tsoho ne zaune a kujera, bargo a gwiwa, dusar ƙanƙara a bayan taga. Ni ne. Ni ne sak, har yadda nake karkata kai in ana min maganar banza. Ni ne aka sa wa kwat.

Ta yi magana, gajeriya, muryarta na karyewa.

Harahap ya juyo wajena.

"Kaka, ta ce kakanta ne. Ta ce kafin ya mutu yana ta kiran a kunna fitila, a kunna fitila, ba su san wace ba." Ya kalli Yaya, ya kalle ni. "Tana tambaya, kai wane ne? Me zan ce mata?"

Na buɗe baki.